Biyar da Shida: Gwajin Trovan a Kano da Abin da Ba a Ƙirga Ba

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri da ni. 🧵

Magana ce kan gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano a 1996, da wata dabara da ake yi a binciken magunguna wadda ba sai an yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ya faru ne a tsakar gidanmu a Wurogauri, can yankin Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi.

2/ A watan Maris na 2025 sanƙarau ya shigo mana. Ana azumi, ga zafi, ga ƙura. Gwamnatin jiha ta sanar da mutuwar mutum 26, mafi yawansu a ƙaramar hukumar Gwandu, sai Jega da Aliero. Da Afrilu ya kama, allurar rigakafi fiye da miliyan ɗaya ta iso ƙasar, aka ce da Kebbi da Sokoto za a fara.

3/ Na je gida, na durƙusa na gaida Baffa, na ce masa idan masu allura suka zo a fito da yara. Ya dube ni ya ce:

"Kai ɗan nan, kai da ka yi boko, ba ka san abin da anka yi ma ɗiyan mutane a Kano ba? Ni ba ni kai jikokina."

Na ce, "Baffa, na sani." Amma tsakani da Allah, kanun labarin kawai na sani.

4/ Kuma Baffa ba ɗan gardamar banza ba ne. Babban ɗansa, yayanmu, sanƙarau na 1996 ya kama shi yana ƙaramin yaro. Ya tashi, amma tun daga lokacin ba ya ji. Ba a Kano aka yi jinyarsa ba, ba ya cikin gwajin kowa. Ku dai riƙe shi a zuciya, zan dawo kansa, don shi ya fahimtar da ni duk abin da zan faɗa.

5/ To, mu koma 1996. Mulkin Abacha ne. Daga farkon shekara annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, Kano da Katsina da Sokoto da Kebbi da Bauchi duk ta taɓa su. Lissafin da likitocin Najeriya suka wallafa daga baya ya nuna mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. Wato kusan mutum 11 cikin kowane 100. Waɗanda suka kai ga rajista kenan.

6/ A Kano abin ya haɗu da ƙyanda da kwalara. Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika maƙil. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana wurin tana ba marasa lafiya chloramphenicol, allura mai araha da aka saba amfani da ita a lokacin annoba irin wannan.

7/ Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka. Suna da sabon magani, trovafloxacin, wanda za a sayar da sunan Trovan. Ba a riga an amince da shi ba. Suna so su gwada shi kan yara masu sanƙarau, har da na sha ta baki, don a Amurka ba za su samu irin wannan yawan marasa lafiya a wuri ɗaya ba.

8/ Aka ɗauki yara 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone, maganin da aka san yana aiki. Cikin kusan mako biyu tawagar ta gama ta tafi, annoba ba ta ƙare ba.

Sakamako: yara 11 sun rasu. 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɓangaren ceftriaxone.

9/ Wannan biyar da shidan shi ne kariyar kamfanin har yau. Sun ce yaran da aka ba Trovan sun rayu kamar na ɗaya ɓangaren, kuma mutuwa a gwajin ta yi ƙasa da yadda ake mutuwa a annobar gaba ɗaya. Sun ce sanƙarau ne ya kashe yaran, ba magani ba.

Lambobin nan gaskiya ne. Ba wanda ya ƙirƙire su. Amma mu ɗan buɗe su mu gani.

10/ Da farko, tsakanin 5 da 6 yaro ɗaya ne. A gwajin mutum 200, bambancin mutum ɗaya dacewa kawai tana iya kawo shi. Da an sake yi da wasu yaran a mako na gaba, zai iya juyewa ya koma 7 da 4. Lissafi irin wannan bai isa ya nuna magani ya fi ba, bai isa ya nuna ya gaza ba.

11/ Na biyu, da me aka gwada shi? Bayan allurar farko, an rage yawan ceftriaxone da ake ba yaran zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka saba. Kamfanin ya ce don a rage musu zafin allura ne, kuma abin da aka ba su ya wadatar. Iyaye a kotu suka ce an raunana tsohon magani ne don sabon ya fito fes.

12/ Ko wanne ka yarda da shi, ka dai ga matsalar. In za a yi tseren dawaki aka rage wa ɗaya dusa, ko da niyya mai kyau aka yi, wanda ya zo kallo yana da damar ya yi shakkar sakamakon.

13/ Na uku, kuma shi ne ya fi damuna: me aka ƙirga? A nan yayanmu ya shigo. In da yana cikin wani gwaji da ke ƙirga mutuwa kawai, a layin "ya rayu" za a sa shi, a ce magani ya yi nasara. Shekara kusan 30 kenan bai ji kiran salla ba, bai ji muryar 'ya'yansa ba. Lissafin rai da mutuwa ba ya ganin wannan.

14/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu da sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya suna samun mummunan lahani: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa, taɓuwar ƙwaƙwalwa. Iyayen Kano sun ce irin haka ta samu yaransu. Kamfanin ya ce aikin cutar ne. Biyar da shida ba za su raba wannan gardamar ba, don ba ita suka auna ba.

15/ Ga kuma gaɓoɓi. Tun kafin 1996 an san dangin magungunan da Trovan ya fito daga ciki suna lalata guringuntsin ƙananan dabbobi a gwaji, shi ya sa ake ɗari-ɗari da ba yara su. Lahani irin wannan kuwa sai an bi yaro wata da watanni kafin a tabbatar akwai ko babu.

16/ Shekara huɗu duniya ba ta san abin da ya faru ba. Sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwai. Ta kawo labarin wata yarinya 'yar shekara 10 da takardu suka sani da lamba 0069 kawai. An ba ta Trovan, jikinta yana ta rikicewa, ba a canza mata magani ba, a rana ta uku ta cika. Allah ya jiƙanta.

17/ Daga nan sauran suka fito. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar wa hukumomin Amurka tana ɗauke da kwanan watan Maris 1996, amma daga baya aka rubuta ta, kuma asibitin da sunansa ke kai ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin. Babu takardar amincewa da iyaye suka sa wa hannu. Kamfanin ya ce nas-nas sun yi musu bayani da baki sun yarda.

18/ Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. A 2001 ya gama aiki, ya ce gwaji ne ba bisa doka ba na maganin da ba shi da rajista. Kun san me ya faru da rahoton? An ajiye shi. Sai a Mayun 2006 ya fita, shi ma ta hannun Washington Post. Wannan ɓoyon namu ne, ba na Bature ba.

19/ Shi kuwa Trovan, hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1997 don manya, ban da yara. A Yunin 1999 ta taƙaita amfani da shi sosai saboda rahotannin lalacewar hanta, har da mutuwa. Turai ta dakatar da shi a shekarar. Wato lahanin da ya kayar da maganin ma daga wani wuri dabam ya ɓullo.

20/ A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 na waɗanda abin ya shafa, 30 na ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin DNA. Shekara 15.

21/ A nan yawancin masu ba da labarin Kano suke tsayawa. Ni ban tsaya ba, don tambayar "me aka ƙirga, me aka bari?" ta riƙe ni. Da na bi ta sai na tarar ba a Kano kaɗai take ba. Ciwo ne da ya daɗe a binciken magunguna na duk duniya, kuma likitoci da kansu ne suka tona shi.

22/ Bari in bayyana yadda likita yake sanin magani yana aiki. Gwaji ɗaya ba ya isa, kun dai ga biyar da shida. Don haka masana sukan nemo duk gwaje-gwajen da aka taɓa yi kan magani ɗaya, su tace su, su haɗa lissafinsu wuri guda. Zan kira wannan aiki babbar bita. Ƙungiyar Cochrane, da aka kafa a 1993, ita ta fi shahara da shi.

23/ Daga irin wannan bita ake rubuta ƙa'idojin jinya. Maganin da ma'aikaciyar lafiya za ta miƙa wa innarka a ƙaramin asibitin ƙauye, in ka bi salsalarsa, sau da yawa a wata babbar bita zai tsaya. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai yana da rauni ɗaya: abin da aka wallafa kawai mai bita yake iya gani.

24/ Mu nan yankin albasa ne, kowa ya san Aliero. Kuma kowa ya san dabarar da ake yi a kowace kasuwa: manya a bakin buhu, ƙanana da masu ruɓa a ƙasa. In ka leƙa bakin buhu 50 ka rubuta abin da ka gani, lissafinka zai fita daidai, amma ka tafka asara. Yawan buhunan ma ƙara maka ƙwarin gwiwa zai yi a kan kuskure.

25/ A binciken magani hanya biyu ake cika buhun. Ko a ɓoye gwajin ɗungurungum in bai yi daɗi ba. Ko a wallafa shi amma a tsince sakamako: an auna abu 10, biyu sun yi kyau, su za a rubuta, takwas a yi shiru. Wani lokaci ma abin da aka ce tun farko shi ne babban ma'auni sai a sauke shi a ɗora wani.

26/ Kamar ka ɗauki hoto 30 ka ɗora ɗaya a Instagram ne. Fuskarka ce, ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Bambancin dai, a kan wannan hoton ɗaya za a rubuta wa ɗan wani magani.

27/ An daɗe ana zargi, hujja ce ta yi wuya. A 2004 An-Wen Chan da abokan aikinsa suka samo takardun tsarin gwaje-gwaje 102 da kwamitocin ɗa'a a ƙasar Danmak suka amince da su a 1994 zuwa 1995, suka gwada da abin da aka wallafa daga baya. A kashi 62 cikin 100 an canza babban ma'auni, ko an ƙaro, ko an cire.

28/ Rabin ma'aunan amfanin magani ba a kawo su cikakku ba. Na illa kuwa, kashi 65 cikin 100. Da aka tambayi masu binciken ko akwai abin da suka auna ba su rubuta ba, kashi 86 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce babu. Alhali ga takardunsu a hannu suna nuna akwai.

29/ A 2008 Erick Turner ya duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa FDA. 38 sun yi kyau, an wallafa 37. Sauran 36 ba su yi kyau ba ko suna da shakku: 22 ba a wallafa ba, 11 an rubuta su kamar sun yi kyau, 3 kaɗai suka fito yadda suke. Mai karanta mujallu zai ga nasara kashi 94. A ma'ajiyar FDA, 51 ne.

30/ To ita babbar bitar fa, ya abin yake taɓa ta? A 2010 Jamie Kirkham da abokansa suka duba bitar Cochrane guda 283. Fiye da rabi ba su samu cikakken lissafin babban ma'auni daga duk gwaje-gwajen da suka tattara ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku suna ɗauke da aƙalla gwaji ɗaya da ake kyautata zaton an tsince sakamakonsa.

31/ Suka ɗauki guda 42 da suka ce magani yana aiki, suka gyara lissafin don cike giɓin. A guda 8 hujjar ta rushe. A guda 11 kuma an zuzuta amfanin da kashi 20 cikin 100 ko fiye. Masu bitar ba su yi ha'inci ba. Buhun da aka kawo musu suka auna.

32/ Sunan Pfizer ya sake fitowa a nan. Takardun kotu kan maganin gabapentin sun nuna gwaje-gwaje 20, an wallafa 12, a 8 daga ciki babban ma'aunin ya saɓa wa na takardar tsari. A 2010 kuma wata cibiyar Jamus ta gano bayanan kashi 74 cikin 100 na mutanen da aka gwada wa reboxetine ba a wallafa ba. Da aka haɗa duka, amfaninsa ya ɓace, illa ta bayyana.

33/ Kar ku ɗauka kamfani ɗaya ne. Gwajin GlaxoSmithKline na 2001 ya ce paroxetine yana wa matasa masu ciwon damuwa aiki. Da aka sake lissafi da ainihin takardun a 2015, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, kuma an rage bayyana illarsa. Masu bitar Cochrane sun yi daga 2009 zuwa 2013 suna fafatawa kafin su ga cikakkun bayanan Tamiflu na kamfanin Roche.

34/ Wanda ya fi tsaya mini a rai na Ingila ne. A 1980 likitoci a Nottingham suka gwada lorcainide kan mutum 95 da suka samu bugun zuciya. 9 suka mutu a ɓangaren maganin, 1 a ɗaya ɓangaren. Suka ɗauka dacewa ce, kamfani ya bar maganin don dalilin kasuwa, ba a wallafa ba. Aka ci gaba da ba mutane danginsa shekara da shekaru.

35/ Sai a 1989 wani babban gwaji a Amurka ya nuna irin waɗannan magunguna suna ƙara mutuwa. A 1993 likitocin Nottingham suka fito da tsohon gwajinsu, suka ce da ya fita da wuri da ya zama gargaɗi. Ba mugaye ba ne. Kawai sun ga ba wanda zai damu da sakamakon da bai yi daɗi ba.

36/ Maganin abin mai sauƙi ne a faɗa. Kafin ka ɗauki mutum na farko, ka rubuta a bainar jama'a abin da za ka auna, da ranar da ka rubuta. Shafin ClinicalTrials.gov ya buɗe a 2000. A 2004 editocin manyan mujallun likitanci suka ce daga 2005 ba za su wallafa gwajin da ba a yi wa rajista tun farko ba.

37/ Ya yi aiki? Wani bincike na 2015 ya duba manyan gwaje-gwajen ciwon zuciya da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi. Kafin 2000, 17 cikin 30 suka ce an yi nasara. Bayan an fara rajista, 2 cikin 25. Ana iya samun wasu dalilan, amma faɗuwa daga kashi 57 zuwa 8 abin a tsaya a duba ne.

38/ Amma fa ba a gama ba. Daga ƙarshen 2015 tawagar Ben Goldacre a Oxford ta bi gwaje-gwaje 67 a manyan mujallu biyar. 9 kaɗai suka kawo abin da suka yi alkawari daidai. An bar ma'auni 354 ba a faɗa ba, an cusa sababbi 357 a ɓoye. Rajista tana ba ka damar kama mai yi ne, in akwai mai dubawa.

39/ A gida ma an motsa. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'a na binciken lafiya ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magani. Akwai rajistar gwaje-gwaje ta nahiyar Afirka, PACTR, a Afirka ta Kudu, kowa na iya shiga ya duba kyauta. Cochrane tana da cibiya a Kalaba.

40/ Yanzu ku duba abin da ɓoyo ya jawo mana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi. Dalilan suna da yawa, amma sunan Pfizer yana bakin mutane, rahoton Nasidi kuwa yana kulle. Kano ta yi kusan wata 11 kafin ta dawo a Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

41/ Yaran da suka shanye a waɗannan shekarun ba sa cikin yara 200 na Asibitin Zana. Ba wanda ya biya su diyya. Amma ni ina ƙirga su cikin sakamakon gwajin nan, tare da duk yaron da kakansa ya ce ba ya kai shi allura saboda Kano.

42/ Don haka da na koma wurin Baffa ban ce masa ya manta da Kano ba. Na ce, "Baffa, abin da kuka faɗa ya faru, kuma ya fi ma yadda kuka ji. Amma ku bari in gaya muku abin da na gano kan wannan allurar."

Ya ce, "Ina jin ka."

43/ Sunanta Men5CV, tana kariya daga nau'i biyar: A, C, W, Y da X. An gwada ta kan mutum 1,800 masu shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya, gwajin yana da rajista, an wallafa sakamakon a 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta a shekarar. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita, a 2024.

44/ Na tuna masa da MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso a 2010, ta iso Najeriya a 2011. Nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996 ya tafi da jin yayanmu, ya kusa ɓacewa a yankin tun bayanta. Annobar 2017 da ta kashe fiye da mutum 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sokoto da maƙwabtansu, nau'in C ne. Shi ya sa ake buƙatar mai biyar ɗin.

45/ Baffa ya yi shiru, yana kallon yayanmu da ke gyaran igiya a gindin darbejiya. Can ya ce, "Wa ad duba cewa abin da sunka rubuta shi sunka yi?"

Wallahi tambayar da Chan da Kirkham da Goldacre suka yi shekaru suna yi kenan. Na ce masa akwai masu dubawa, amma ba su da yawa, kuma kaɗan ne namu.

46/ Bai ce mini ya yarda ba. Ranar da masu allura suka zo, Goggo ce ta tasa yaran gaba, shi kuma bai hana ba. Ya dai tafi gona da sassafe. Har yau ba mu sake tada maganar ba.

47/ Ga abin da nake so ku ɗauka. Duk lokacin da kuka ga "bincike ya tabbatar", ko a nan ko a WhatsApp, ku tambaya:

Mutum nawa aka gwada?
Da me aka gwada shi, kuma an ba da shi cikakke?
Me suka ce za su auna kafin su fara?
Ina lissafin illa?
Wa ya biya kuɗin aikin?

48/ Tambayoyin nan ba na kamfanin Bature kaɗai ba ne. Mai maganin da ke yawo da lasifika ranar kasuwa yana jero waɗanda suka warke, shi ma bakin buhu yake nuna maka. Haka mai tallan haɗin ƙarin ƙiba ko na sanyi a TikTok. Wanda ya sha ya kwanta asibiti ba ya fitowa a bidiyo.

49/ In kuma aka zo garinku da wani gwaji, hakkinku ne a yi muku bayani da Hausa ko Fulatanci, a gaya muku gwaji ne, a nuna muku amincewar kwamitin ɗa'a da lambar rajista. Kuna iya ƙi, kuma dole a yi muku jinya yadda aka saba. Kuna iya fita a tsakiya.

50/ 'Yan uwa masu karatun likitanci, haɗa magunguna, jinya da lissafi a Aliero, Birnin Kebbi, Sokoto, Zariya da Kano: ku ɗauki gwaji ɗaya da aka yi a Najeriya, ku buɗe rajistarsa, ku buɗe takardar da aka wallafa, ku gwada su layi-layi. Data kaɗan zai ci. In kun samu saɓani ku rubuta wa mujallar, ku kuma ajiye shi a ƙasan zaren nan mu gani.

51/ Lokacin zafi yana tafe. Zazzaɓi mai tsanani, ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura: asibiti nan take, kar a jira gari ya waye. Sa'o'i kaɗan ne tsakanin warkewa da abin da ya samu yayanmu.

Allah ya jiƙan yaran Kano 11 da duk waɗanda annobar ta ɗauka.